Ƙwan Mai Keke

Juma'a, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Mai Dusa ya ce in nemi littafi in riƙa rubuta zafin kular ƙyanƙyasar ƙwai safe da rana da yamma. Malama, matata, ta ciro min ɗaya daga cikin littattafan 'yan ajinta da ba a taɓa ba. Shi ne wannan. Zafi 37.6.

Jiya na je kamfani kwaso kayana daga cikin mota. Shekara goma sha tara ina jan motar rabon ruwan roba, ban taɓa neman izinin kowa kafin in buɗe ƙofarta ba, jiya sai da mai gadi ya raka ni yana kallon ƙasa. Tana can bayan sito, fitila ɗaya a fashe. Na ɗauki hulata da kofina da tabarau. A ƙarƙashin kujerar fasinja na ga kwando an rufe da tsohon tawul. Ba nawa ba ne. Sai na tuna, ranar Talata da muka ɗora mai keken da na kaɗe a mota za mu asibiti, wani ya biyo mu da gudu ya jefo takalminsa ƙafa ɗaya da wannan kwandon. Takalmin ya bi shi ciki. Kwandon ba wanda ya sake tunawa da shi.

Ƙwai ne talatin, an binne su a dusar katako. Goma sha shida sun fashe, har sun fara wari. Goma sha huɗu ko tsagewa ba su yi ba. Kowanne an rubuta masa kwanan wata da fensir, rubutu ƙanana a miƙe.

Na kai wa Mai Dusa, maƙwabcinmu mai shagon abincin kaji. Ya ɗaga ɗaya ya juya, ya ce, "Direba, wannan ba na soyawa ba ne. Duk wanda ya zauna yana rubuta wa ƙwai ranar haihuwa, ƙyanƙyasa zai kai."

Na ce, "Za su yi?"

Ya ce, "Bayan wannan jijjigar da suka sha? Wataƙila biyu. Wataƙila babu ko ɗaya."

Bai tambaye ni na waye ba. Duk layin nan sun san na waye.

Yau da safe muka haɗa injin da tsohuwar kular Malama: gulob biyu, 'yar fanka, na'urar da ke kashe gulob idan zafi ya yi yawa, tiren ruwa a ƙasa, gilashi a murfi don leƙawa. Ta wuni a kunne babu komai a ciki, don mu ga ko zafin zai tsaya wuri ɗaya. Yanzu na jera su. Kowanne na yi masa alamar giciye a gefe ɗaya, da'ira a ɗayan, don in san wanda na juya. Rubutunsa na fensir ban taɓa shi ba.

Kwana ashirin da ɗaya, in ji Mai Dusa.

Asabar, ƙarfe shida na safe

37.5. Na juya.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

37.7. Na juya.

Yaya ya zo. Shekara talatin ya yi yana akawu a kotu, har yau in zai sha ruwa sai ya duba kofin ta kowane gefe. Ya zauna a falo bai cire hula ba. Ya ce, "Ka saurare ni da kyau. 'Yan sanda ko kwamitin kamfani, abin da aka tambaye ka kaɗai za ka amsa. In an ce ƙarfe nawa, ka faɗi ƙarfe nawa, ka rufe bakinka. Kada ka yi wa kowa kyautar magana."

Na ce to.

Ya ce kuma kada ƙafata ta taka asibitin nan, dangi na cikin zafi, kowace gaisuwa za a iya juya ta. Manaja ma haka ya faɗa.

Na ce to.

Da zai fita ya leƙa sito ya ga hasken kular. Ya tambayi Malama mene ne, ta faɗa masa. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka san abin da ake bari a titi ba."

Lahadi, ƙarfe takwas na dare

Na juya sau uku yau. Ban fita ba.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

37.5.

Na je ofishin 'yan sanda, na sa hannu, na dawo. Lasin ɗina yana wurinsu. An tambaye ni gudun da nake yi, na faɗa. An tambaye ni ko na sha wani abu, na ce ban taɓa ba. An tambaye ni birki, na ce lafiyarsa ƙalau. Duk gaskiya ne.

A motar haya na dawo. Na zauna a baya, amma ƙafata tana ta taka birkin da babu. Da muka doshi mahaɗar nan ta gaban gidan mai na ce a sauke ni, na zaga ta bayan kasuwa da ƙafa.

Malama ta biya asibiti daga makaranta. Ita ba wanda ya hana ta, kuma ba wanda ya san fuskarta. Ta ce bai farka ba. Ta ce 'yarsa ce ke zaune a kansa, babbar mace, tela ce, ta zo da ɗinkin hannu tana yi a kan benci. Matarsa ta rasu da daɗewa. Kafinta ne da, da ido ya gaza ya koma kiwon kaji a bayan gida.

Shi ya sa dusar katako.

Laraba, ƙarfe shida da kwata na safe

37.4. Na ƙara ruwa a tire. Na juya.

Hannuna yana rawa in na ɗauki kofi, in na ɗauki cokali, in na ɓalle maɓalli. In na ɗauki ƙwai ba ya yi. Ban san dalili ba.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Malama ta ce ɗanmu ya kira ta sau uku, yana cewa wayata a kashe. Ta ce, "Maigida, ina wayar taka ne wai?" Na ce tana cikin durowa, batirin ne ya lalace. Ta ce ta kai wa mai gyara. Na ce ta bari.

Batirin lafiyarsa ƙalau.

Na juya.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Kwana bakwai. Mai Dusa ya rufe shago ya zo da tocila. Muka shiga sito muka ja ƙofa, muka toshe tagar da buhu. Ya naɗe kwali a bakin tocilar, yana ɗora ƙwai ɗaya-ɗaya a kai.

Na farko haske ya ratsa shi tas, babu komai. Na biyu haka. Na uku akwai jan zobe a ciki. Ya ce wannan ya fara, ya fasa. Da ya ɗora na huɗu sai ya ce, "Matso."

Jijiyoyi ne jajaye sirara sun bazu kamar saiwa, da wani ɗan baƙin ɗigo a tsakiya. Ɗigon ya motsa. Na ce ko hannunsa ne ke rawa. Ya ce, "Hannuna? Ni da nake auna gero da ido? Shi ne ke motsi, Direba. Yana gaishe ka."

Shida ne masu rai. Biyar fanko. Uku masu zobe.

Ya ce a fitar da takwas ɗin kada su zama baragurbi su fashe a kan sauran. Zai tafi da su ya zubar, na ce ya bar min. Na haƙa rami a gindin katanga na sa su. Malama tana kallona ta tagar kicin.

Ban san su ukun nan masu zobe yaushe suka tsaya ba. Na tambayi Mai Dusa ko jijjigar ce. Ya ce ko a ƙarƙashin uwarsu ana samun haka. Na ce amma ko jijjigar ce. Ya ce, "Wa ya sani?"

Asabar, ƙarfe shida na safe

Shida. 37.5. Na juya.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Kwamiti. Mutum huɗu a bayan dogon tebur, ga Manaja, ga wata mata daga babban ofis mai rubuta komai. Sun ba ni ruwan kamfani, wanda na yi shekara goma sha tara ina ɗauka. Ban iya buɗe murfin ba, matar ce ta buɗe min.

Sun ce wani mai faci ya shaida cewa mai keken ya shigo titi bai tsaya ba. Suka ce haka ne? Na ce na ji an faɗa. Suka ce, kai me ka gani? Na ce abin ya zo da sauri.

Yaya yana jirana a waje. Na maimaita masa tambayoyin da amsoshin, ya dafa kafaɗata ya ce, "Madalla. Haka ake yi." Ya ce in abin ya tafi a haka, nan da wata guda ina kan sitiyari.

Za a sake zama nan da mako biyu a rufe maganar.

Na makara da juyin rana da awa biyu.

Talata, ƙarfe shida da rabi na yamma

An ɗauke wuta ƙarfe goma sha ɗaya saura. Ina zaune a ƙofar sito na ji fankar ta tsaya. Na ce yanzu za a kawo. Sha biyu ta yi, ma'aunin ya sauka 35. Na ruga shagon Mai Dusa, ya tafi sarin kaya. Na dawo 33.

Na dafa ruwa, na cika robobi uku, na naɗe su da tawul na sa a kusurwoyin kular, na lulluɓe ta da bargonmu biyu. Ya hau 36. Bayan minti arba'in ya fara sauka, na sake dafawa. Haka na yi ta yi. Sau ɗaya ya haura 39, na buɗe murfin ina fifita da murfin tukunya, ina magana ni kaɗai. Ban san me nake cewa ba. Malama da ta dawo ta same ni durƙushe, riga sharkaf. Ta ce tun daga ƙofar gida take jin ina cewa, "Ku yi haƙuri, ku yi haƙuri."

Ta ajiye jaka ta karɓi butar. Ta ce, "Tashi ka ci abinci, ni ma na iya dafa ruwa."

An kawo wuta biyar da minti ashirin.

Yau mako biyu cif da hatsarin.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

37.6. Ban sani ba ko suna nan. Na juya su dai.

Alhamis, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na je asibitin. Ban shiga ba. Akwai benci a gaban ɗakin shan magani inda ake hango baranda, nan na zauna. Na gane 'yarsa da ɗinkin. Ta fito da kwano ta wanke a famfo, ta tsaya tana goge hannu a zani, tana kallon sama. Goshinta irin nasa ne. Goshin nan na riƙe a cinyata tun daga mahaɗa har ƙofar asibiti, wani ne ya ja motar.

Ta wuce ta gabana ta ce, "Sannu, Malam, ya mai jiki?" Ta ɗauka ni ma jinya nake yi. Na ce da sauƙi.

Ban faɗa wa Yaya ba. Ban faɗa wa Malama ba. Abubuwan da ban faɗa ba suna ta yawa.

Juma'a, ƙarfe uku da rabi na rana

Kwana goma sha huɗu. Mun sake haskawa. Yanzu ciki ya yi duhu, sai ɗan fili mai haske a gefe mai faɗi, Mai Dusa ya ce nan ne iskar da za su fara shaƙa. Biyar suna motsi. Ɗaya ya tsaya, jijiyoyinsa sun ɓace.

Mai Dusa ya ce biyar cikin shida bayan ɗaukewar wuta ta awa shida, ya kamata in buɗe asibitin haihuwa. Ya ce zai rubuta min allo. Na yi dariya. Na ji ta a kunnena kamar ta wani.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Mai keken ya farka.

Malama ce ta zo da labarin, tun daga ƙofa take faɗa. Ya buɗe ido jiya da yamma, ya nemi ruwa. Magana tana fita da ƙyar. Ƙafar dama likitoci sun ce sun yi iya yinsu.

Malama tana ta godiya ga Allah, har da hawaye. Ni ma na gode. Wallahi na gode. Amma abin da ya fara zuwa min a rai ba godiya ba ce, kuma ba zan rubuta shi a nan ba.

Lahadi, ƙarfe shida na safe

Na juya.

Lahadi, ƙarfe biyu na rana

Na juya.

Litinin, ƙarfe takwas na dare

Yaya ya aiko a faɗa min 'yan sanda sun je wurin mai keken, ya ce musu bai tuna komai ba. Yaya ya ce in kwantar da hankalina.

Juyi na ƙarshe ke nan. Daga gobe ba a taɓa su.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Kwana goma sha takwas. Na cika tire, na ƙara soso jiƙaƙƙe don danshi ya ƙaru, na shimfiɗa tsumma a ƙarƙashinsu, na rufe. Mai Dusa ya ce, "Daga yanzu ko gobara ake kada ka buɗe murfin nan. Kuma in sun fara fitowa kada ka sa hannu. Na san ka."

Talata, ƙarfe biyu na rana

Na tashi zan je juyi, na tuna. Na zauna. Na share tsakar gida. Na sake sharewa.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na faɗa mata.

Ban shirya ba. Tana gyara alayyafo a kicin, ni ina tsaye a ƙofa ban san inda zan sa hannuwana ba. Ta ce, "Maigida, ka zauna mana, ka tsaya min a ka kamar mai jiran canji." Na je na buɗe durowa na ɗauko wayar na kunna, na ajiye mata a kan tire.

Ta kalle ta, ta kalle ni. Ta goge hannu ta ɗauko tata, ta yi ta komawa baya har ranar Talatar. Ga kiran da ta yi min, ƙarfe goma da minti goma sha biyu. Ta san ƙarfe nawa aka rubuta a takardar 'yan sanda, ita ta karanta min.

Ta zauna a ƙasa, nan kan siminti.

Ta ce, "Gas ne ya ƙare. Gas kawai zan ce ka biya ka sayo."

Na ce ba ita ba ce. Na ce waya tana ƙara sau ɗari a rana, wanda ke riƙe da sitiyari shi ya san abin da zai yi da idonsa. Na ce wayar ta faɗo ne daga kan kujera, ni kuma na sunkuya. Ban ƙarasa ba. Ba ta ce in ƙarasa ba.

Ta ce, "Mako uku ina zuwa ina zama kusa da matar nan, ina ce mata sannu."

Alayyafon yana nan a tire har yanzu. Ba wanda ya ci abinci.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Ta tafi makaranta ba ta yi min magana ba. Ta bar min shayi a fulas.

Alhamis, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Akwai kuka a cikin kular. Na ɗauka tsuntsu ne a waje. Na kara kunne a murfi, daga cikin ƙwan ne, ba a ko fasa ba. Ɗaya ya yi 'yar ɓula kamar an caka ƙusa daga ciki.

Na kira Malama. Ta zo ta durƙusa kusa da ni, muka haɗa kai a kan gilashin. Mun fi rabin awa a haka. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ran Litinin me za ka ce musu?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Ka sani."

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Ɗaya ya fito ƙarfe shida da rabi. Ya yi ta sara ɓawon a kewaye, ya huta, ya sara, sannan ya tura da ƙafa murfin ya ɓalle. Jiƙe, mummuna, ya kife kamar matacce. Na ce ya mutu. Bayan minti goma ya ɗaga kai ya tsala kuka, ya bi ta kan sauran yana ture su. Baƙi ne.

Na biyu ƙarfe tara. Ruwan ƙasa, da zane a baya.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Uku. Na ukun fari-fari.

Na huɗu ya ɓula tun jiya da yamma, bai ƙara komai ba. Ina ganin bakinsa yana buɗewa yana rufewa. Na biyar shiru.

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na sa hannu.

Kukansa ya yi ƙasa, fatar da ke bakin ɓular ta bushe ta yi kamar takarda. Na ce in na bar shi zai mutu ina kallo. Na kwashe ukun na sa a kwali, na ɗauko shi, na riƙa ɓantarar ɓawon da hantsakin Malama kaɗan-kaɗan. Da farko lafiya. Sai jini ya fito. Ba shi da yawa, amma shi ma tsakon ba wani girma gare shi ba. Cibiyarsa ba ta rufe ba, gwaiduwar tana waje.

Ya yi awa ɗaya a tafin hannuna.

Mai Dusa ya zo ya duba, bai yi wasa ba yau. Ya ce wataƙila ko an bar shi ba zai fito ba. Na ce kullum wataƙila. Ya ce, "To me kake so in ce maka, Direba? In ce kai ne? Kai ne. Ga uku can suna jin ƙishirwa."

Mun gyara musu babban kwali: dusar katako, takarda a sama don kada su ci dusar, gulob a rataye a gefe ɗaya. Ya ce in sun cunkushe a ƙarƙashin gulob sanyi suke ji, in sun gudu bango zafi ya yi yawa, in sun bazu suna harkarsu to daidai ne. Ruwa a murfin kwalba da tsakuwoyi a ciki don kada su nutse, da ɗan sukari. Ya nuna min yadda ake tsoma bakin kowanne sau ɗaya. Baƙin ya ɗaga kai sama ya haɗiye, ya koma da kansa.

Na biyar mun haska, ya daɗe da tsayawa. Na kashe kular.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Farin ƙafafunsa sun baje, ba ya iya tsayuwa, yana iyo a kan takarda. Malama ta yanko filasta siriri ta haɗa ƙafafun biyu, ta bar tazarar yatsa ɗaya a tsakani. Ni na riƙe, ita ta ɗaura. Ya faɗi sau biyar, na shida ya tsaya.

Ta goge min farar rigata ta rataye a ƙofa.

Litinin, ƙarfe uku na rana

'Yan kwamiti sun riga sun buga takardar, saura sa hannu. Manaja yana murmushi. Na ce akwai abin da ba a tambaye ni ba. Na ajiye wayar a kan tebur.

Bayanin da na yi bai fi minti biyu ba. Matar babban ofis ta daina rubutu, ta ce, "Malam, ka san abin da wannan yake nufi?" Na ce na sani. Ta ci gaba da rubutu.

Daga nan na wuce ofishin 'yan sanda na maimaita.

Yaya bai shigo gida ba, a ƙofa ya tsaya. Ya ce, "Shekara goma sha tara ka ɗauka ka zuba a kwata. Ƙafar tsohon za ta dawo ne don ka yi magana? Wa ka taimaka? Faɗa min mutum ɗaya." Ya ce kada in sake kiransa a kan maganar nan. Ya kai bakin layi ya dawo ya ce in an sa ranar kotu in sanar da shi, kada in je ni kaɗai kamar maraya.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Kashi ya toshe wa mai zanen baya. Na jiƙa auduga da ruwan ɗumi na goge a hankali har ya fita, na busar da shi a cikin rigata. Suna cin abincin da Mai Dusa ya kawo, rabi a ciki rabi a ƙasa.

Takardar sallama daga kamfani ta zo. Layi huɗu ce.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Na cire wa farin filasta. Yana gudu.

An sallami mai keken daga asibiti jiya, in ji Malama. Ta samo kwatancen gidan. Ta ce za ta raka ni. Na ce a'a.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Na huda ƙaramin kwali, na sa robar ruwan ɗumi a naɗe a gefe, na ɗora su a cinya a motar haya. Kwandon ma na wanke na tafi da shi.

'Yar ce ta buɗe ƙofa. Ta ga kwandon kafin ta ga fuskata. Ta ce, "Ba kai ne na kan benci ba?" Na ce ni ne. Ta ce, "Kai ne kuma direban." Na ce ni ne. Ta riƙe ƙofar, ina ganin yatsunta. Daga ciki aka ce, da murya a hankali, "Kukan tsaki nake ji. Wane ne?"

Yana kwance a ɗaki a kan katifa, sanduna biyu a jingine a bango. Ya rame. Ta taga ana ganin akurkin kaji a buɗe, babu komai a ciki. Ta rabar da su da ba mai kula da su.

Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe kwalin. Na ce, "Baba, naka ne. Goma sha huɗu na samu ba su fashe ba a kwando, uku suka yi."

Ya miƙo hannu, na ɗora masa baƙin. Ya juya shi, ya duba ƙafa, ya buɗe fiffike, ya taɓa maƙoshi ya ji ko ya ci. Ya ce, "Mace ce." Ya tambaye ni da me na yi, na ce kula da gulob. Ya tambayi nawa suka ɓula, na ce huɗu. Ya ce, "Hannu ka sa wa na huɗun." Na ce eh. Ya ce, "Ba a sa hannu." Na ce an faɗa min.

Ya shafa bayan tsakon da yatsa. Sannan ya ce, "Ka gan ni ran nan?"

Na ce, "Ban gan ka ba, Baba."

Ya ce, "Ni na gan ka. Tsakiyar kanka na gani ta gilashi. Na yi ta jira ka ɗago."

'Yar ta ce, "Baba, ka ce musu ba ka tuna ba."

Ya ce, "Ban ga fuska ba. Ba zan yi shaida a kan tsakiyar kai ba." Ya juyo da ƙyar ya kalle ni, ya daɗe. Ya ce, "Yanzu na gani."

Na buɗe baki, ya ɗaga yatsa. Ya mayar da tsakon cikin kwali ya ce, "Rufe, iska na shiga. Nan ba wuta, ba mai tashi ya duba su. Ka koma da su."

Ta raka ni ƙofa. Ta karɓi kwandon, ta bar min kwalin. Ta ce, "An faɗa min abin da ka je ka faɗa. Ni ban yafe ba."

Na ce na sani.

Ta ce, "Shi ma ba ka ji ya ce ya yafe ba."

Na ce ban ji ba.

Ta koma ciki, na ji suna magana ƙasa-ƙasa. Na fara tafiya ta sake buɗe ƙofar. Ta ce, "Ya ce in sun yi gashi ka kawo ya gani. Ka zo da safe, lokacin ina shago."

Lahadi, ƙarfe bakwai na safe

Uku. Sun ci, sun sha, sun bazu. Na ɗaga gulob sama da ɗan yatsa biyu.

Kotu ran Alhamis. Na aika wa Yaya.